Yadda Na Wanke Tantanin Ruwan San Melitón

Sunana Fulgencio Arreola, amma a San Melitón Chencho kowa yake ce mini. Na taɓa yin sati uku ana kirana Injiniya, kuma ni na fara kiran kaina da sunan.

Asalin abin, wata takwas na yi a Texas ina aiki a gidan tatsar shanu. Da na dawo, wata takwas ɗin suka zama shekara uku a bakina, tsintsiya da mesar wanke ƙasa kuma suka zama "kula da injuna". Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, compadre Nabor, wanda ya riƙe 'yata ranar baftisma, don tare muka tafi. Bai taɓa tona ni gaba ɗaya ba. Ya fi son ya riƙa yayyafa mini ita kaɗan-kaɗan a gaban mutane.

Ruwan rijiyarmu garau yake, ga sanyi, ba wari ba ɗanɗano, amma cike yake da gubar arsenik, kamar na ƙauyuka da yawa a nan yankin La Laguna. Matata Herlinda tafin hannunta ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, ya yi kanta. Likita ya ce ko kurɓa ɗaya kada ta ƙara yi. Tun daga nan sau biyu a sati take bin motar ƙarfe shida zuwa gari ita da sauran mata, ta dawo da jarkoki huɗu masu lita ashirin-ashirin. Ni ba na zuwa saboda ƙugu. Ƙuguna kuwa yana da lissafi, ranar ɗibar ruwa kaɗai yake tashi.

Sai ga wata ƙungiya ta kawo mana injin tace ruwa, aka kafa shi a wani ɗan ɗaki kusa da rijiya. Wadda ta haɗa shi wata matashiyar injiniya ce, Yadira Castruita. Ta tara mu, ta nuna mana wani farin abu a nannaɗe kamar tabarma, tsawonsa daga ƙasa zuwa ƙuguna, kafin ta zura shi cikin gidansa na ƙarfe.

"Wannan shi ne tantanin," in ji ta. "Inji zai matsa ruwa ya bi ta cikinsa. Ruwa zai wuce, gishiri da arsenik su tsaya. Akwai wani sinadari, boron, shi ya fi su ƙanƙanta, kaɗan yakan sulale, amma ana rage shi. Ruwa mai kyau zai fita ta shuɗin famfo. Wanda tantanin ya ƙi, muna ce masa rechazo, zai fita ta jan famfo ya tafi ramin siminti a bayan ɗaki, rana ta ƙafar da shi."

Ta ce a riƙa kunna injin awa biyu kullum, amma kada kowa ya sha har ta dawo nan da sati uku ta gwada a gaban jama'a. Don Eleuterio, shugaban manomanmu, ya tambayi wanda zai riƙe makulli. Bai rufe baki ba hannuna yana sama.

"Shekara uku ina kwana da irin waɗannan injuna," na ce.

"Gaskiya ne," in ji Nabor. "Babu injin da bai share ƙarƙashinsa ba."

Aka yi dariya, na yi kamar da wani ake. Yadira ta miƙo mini wata takarda ta ce, "Don Chencho, abu uku ne kawai ba na so ka yi. Na farko..."

"'Yar nan, bar wahalar da kanki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Irin takardar nan da Turanci na haddace ta."

Gaskiyar magana, na bar tabarau a gida, kuma ba zan tsaya ina nesanta takarda da fuskata a gaban rabin gari ba. Na linke ta huɗu na soka cikin zaren malafata, ban ƙara tunawa da ita ba.

Ranar farko da na kunna injin ni kaɗai, na gano abin da na kira kuskuren masu ilimin takarda. Ruwan da ke zuba a rami ya fi wanda ke fita ta shuɗin famfo yawa. A wannan ƙasa tamu da manomi zai iya yanke gaisuwa da ɗan'uwansa kan juyin ban-ruwa na awa ɗaya, a ce ana zubar da ruwa a rami don rana ta sha. Na leƙa, ruwan garau. Na ɗauko mesa.

Bayan ɗakin gidan Doña Tomasa ne, mai sayar da gorditas, wato wainar masara mai nama a ciki, wadda bakinta ya fi barkononta yaji. Tana da itacen lemun tsami biyar da take ji da su fiye da surukanta. Na jefa mesa ta kan katanga na ce, "Doña Tomasa, daga yau lemunki ya daina jin ƙishirwa. Ruwan inji ne, kyauta."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta kawo mini gorditas biyu masu naman alade. A shekara ashirin na maƙwabtaka wannan ce kyautarta ta farko gare ni.

Kwana goma ina ba lemun ruwa safe da yamma. A rana ta sha ɗaya Doña Tomasa ta tare ni a bakin ɗakin inji da reshe a hannu. Gefen ganyen duk ya ƙone, tsakiya ta yi rawaya, 'ya'yan sun zube tun suna kamar gujiya.

"Injiniya, karanta mini wannan."

"Canjin cima ne," na ce. "Ba su saba da ruwan zamani ba. Za su zubar da tsohon ganye su fito da sabo."

"Kai ma ashe ruwan ka sha, shi ya sa tsakiyar kanka ta zubar da ganye. Shekara nawa muke jiran sabon?"

Mutum uku da ke zaune a inuwa suka kwashe da dariya. Na janye mesata da mutuncina, ko abin da ya rage daga cikinsa. Amma ni ba a ba ni darasi, sai dai a ba ni sabuwar dabara. Tunda rechazo ne mai jawo rigima, sai na kashe shi daga tushe. Na murɗa jan famfo na rufe shi ruf. Yanzu duk ruwan da ya shiga dole ya fita ta shuɗi, ba asara ko ɗigo. Na tsaya ina mamakin yadda har yau babu wani a jami'a da ya yi wannan tunanin.

Kwana biyu abin ya yi kyau. A na uku allurar agogon da ke auna matsin ruwa ta haye jan layi, injin ya fara nishi. A na biyar shuɗin famfo ya koma ɗigo. Nabor ya leƙo, ya tura malafarsa baya, ya daɗe yana kallo.

"Compadre, injinka ya kamu da ciwon tsofaffi. Kawuna haka ya yi ta fama a banɗaki kafin a yi masa aiki."

"Hutawa yake yi. Kai me ka sani game da inji?"

"Ba abin da na sani. Shi ya sa ba na taɓawa. Ka kira yarinyar nan mana."

"In kira yarinya ta koya mini aikina?"

"Ai ba aikinka za ta koya maka ba, compadre. Ba ta iya shara ba."

Saura kwana shida a buɗe famfo, ga Don Eleuterio ya riga ya kama makaɗa. Nan ido ya fara raina fata. Na zauna a kan bokiti na yi tunani irin na manya: abu ya toshe, toshewa datti ce, datti kuwa a garin nan maganinsa ɗaya ne. Kulorin. Da shi muke wanke tankin kan rufi, da banɗaki, da farar rigar zuwa coci. Ɗigonsa muke sa wa latas kafin mu ci. Kakata har a ruwan kaji take ɗiga shi. Mace in ta shiga gidan wata ba ta ji ƙamshinsa ba, sai ta fito tana cewa ƙazama ce. A ce akwai wani abu a duniya da kulorin zai ɓata in ba baƙar riga ba, ban taɓa ji ba.

Ranar Lahadi da safe, kowa yana coci, ƙuguna ya hana ni zuwa. Na ɗauki galan biyu daga wurin wankin Herlinda, na kwance murfin gidan tantanin da sifana, na tuttule su duka, ko ruwa ban sirka ba. Idona ya yi ta hawaye. Na ce wannan alamar magani yana aiki ce. Na mayar da murfi na bar shi ya jiƙu har Talata.

Ranar Talata na kunna. Injin ya yi tari sau biyu, sai shuɗin famfo ya ɓalle. Jarkar da a ranar farko take cika a minti goma, yanzu kafin in kunna taba ta tumbatsa. Allurar agogo ta sauko ta kwanta. Na bar shi yana zuba har warin ya ragu, sannan na fita tsakiyar titi ina kiran mutane da sunayensu.

"Ku zo ku ga bambancin takarda da gogewa."

Aka zo. Har Doña Tomasa ta leƙo ta kan katanga. Nabor ya sa hannu a ruwan, ya shinshina, ya dube ni.

"Me ka yi masa?"

"Sirrin sana'a ne."

"Sirrin naka yana warin banɗakin asibiti."

"Warin tsabta kenan, ba ka saba ba."

Don Eleuterio ya tuna wa kowa cewa ba a sha sai Asabar. Na ce haka ne, doka doka ce. Da suka watse na cika bokiti na kai gida.

Herlinda tana murza masara a kicin. Na ɗebi kofi ɗaya na miƙa mata da hannu biyu. Ba zan ɓoye ba, a lokacin zuciyata fes take. Shekara da shekaru ina kallon matar nan tana sauke jarkoki daga mota tana dafa bango, ina jin kunya a ciki ina rufe ta da surutu. Yau ga ni da ruwa.

"Sha, Linda. Ke ce ta farko a garin nan. Ke da motar ƙarfe shida kun rabu har abada."

"Injiniyar ta ce a jira."

"Ga injiniya a gabanki."

Ta dube ni, ta dubi kofin, ta sake dubana. Ta kafa kai ta shanye. Ta ce, "Da sanyi," ta koma kan masararta. Don in nuna mata ba da wasa nake ba, da yamma na ɗauki wuƙa na yanke jarkokinta huɗu gida biyu, na cika su da ƙasa na shuka mata furanni. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, ba ta ce uffan ba, ni kuwa na ɗauka daɗi ne ya hana ta magana. Daga ranar, bokiti biyu nake kai mata kullum.

Rana ba ta ƙarya. Asabar ta zo da tutocin takarda daga coci har rijiya, da masu kiɗan akordiyon, da faifan garma biyu a kan wuta ana soya naman da muke kira discada. Na sa farar riga. A bangon ɗakin inji na riga na rubuta da fenti: INJINIYA F. ARREOLA, MAI KULA. Fada ya yayyafa wa injin ruwa mai tsarki, mata suka yi layi da jarkokinsu.

Yadira ta iso da ƙaramin akwati. Na kunna mata inji, na buɗe shuɗin famfo, na ja da baya ina jiran yabo. Murmushinta ya ɗauke.

"Me ya sa yake zuba haka?"

"Na ɗan taɓa shi. Ba sai kin gode ba."

Ta tsoma wani abu kamar biro a ruwan rijiya, ta duba lamba. Ta tsoma a ruwana, ta duba. Ta sake tsomawa.

"Don Chencho, gishirin ɗaya ne."

"Batirinsa ne. A Texas ba ma amfani da irin wannan."

"A Texas da harshe suke gwadawa," in ji Nabor daga baya.

Yadira ta sake buɗe akwatinta. Ta cika kwalba biyu, ɗaya da ruwan rijiya ɗaya da nawa, ta zuba musu wani gari, ta maƙala farar 'yar takarda a murfin kowacce. Ta ce nan da minti ashirin, in akwai arsenik takardar za ta rine, in babu za ta zauna fara. Mai hankali da ya yi amfani da minti ashirin ɗin ya nemi hanyar Durango. Ni lasifika na karɓa daga hannun Don Eleuterio.

Na yi jawabi. Na yi magana kan kishin gari. Na ce wasu sun yi karatu, wasu kuma an haife su da shi. Na yafe wa Doña Tomasa a bainar jama'a. Ina cikin bayanin yadda zan kafa irin wannan inji a ƙauyuka bakwai, sai na lura ba ni ake kallo ba.

Yadira ta ɗaga takardun biyu sama. Dukansu sun rine, launin kofi mai madara. Da uwa ɗaya ta haife su ba za su fi haka kama ba.

Ta shiga ɗakin, muka ji ƙarar sifana, sai ta fito tana goge ido. "Ina takardar da na ba ka?"

Kafin in ƙirƙiro amsa, Nabor ya cire mini malafa, ya zaro ta daga cikin zare, a linke yadda na sa ta, gumi ya rina gefenta. Don Eleuterio ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya matso da bakinsa kusa da lasifikar da ke hannuna.

"Na ɗaya. Kada a ba shuka ko dabba ruwan jan famfo, gishiri da boron za su ƙone su."

"Ya yi," in ji Doña Tomasa, tana ɗaga reshenta. Ashe da shi ta zo biki.

"Na biyu. Kada a taɓa rufe jan famfo, tantanin zai toshe."

"Ya yi," in ji Nabor da mutanen inuwa.

"Na uku, an ja masa layi biyu. Kada kulorin ya kusanci tantanin ko ɗigo, cinye shi yake yi."

Wannan karon duk garin ne ya amsa, har da fada. Mai ganga ya buga sau ɗaya.

"Ba wanke shi ka yi ba, Don Chencho," in ji Yadira. Muryarta ba faɗa, kuma hakan ya fi faɗa ciwo. "Huda shi ka yi. Shi ya sa yake gudu. Yanzu komai wucewa yake, rijiyar ce kawai ta zagayo ta cikin bututu. Sabon tantani sai nan da wata biyu, in an yi sa'a. Allah ya sa dai ba wanda ya sha."

Dariyar ta mutu. Matan da ke layi suka fara ɗaukar jarkokinsu babu komai a ciki. Ni kuwa maganar Yadira ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai. Kwana huɗu. Bokiti biyu kullum. Matar da likita ya ce ko kurɓa kada ta yi. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Na manta da malafa, na manta da fenti a bango, na manta lasifika tana hannuna kuma a kunne take.

"Linda," na ce, muryata ta karaɗe filin har coci. "Linda, na kashe ki. Tun Talata nake shayar da ke guba. Injiniya, ki duba ta, ki kai ta asibiti, ni ban san komai ba, shara na yi a Texas, wata takwas ne ma ba shekara uku ba."

"Bakwai da rabi," in ji Nabor a hankali.

Herlinda ta taso daga wurin masu juya nama, tana goge hannu a gyalenta. Ta zo gabana ta karkato da lasifikar wajen bakinta.

"Chencho, shekara talatin da ɗaya ina aurenka. Ranar da ka ce wa yarinyar nan ka haddace takarda, ranar na roƙi Tomasa ta riƙa sayo mini jarka biyu tana ajiyewa a gidanta. Ruwanka tsakar gida na wanke da shi. Ba ta taɓa yin fari haka ba, ka iya wannan kam."

Filin ya fashe. Doña Tomasa har da zama a ƙasa. Don Eleuterio ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na sa masa makulli. Ni dai ina tsaye ina dariya ina hawaye, don ban taɓa sanin akwai daɗi a ce matarka ba ta yarda da maganarka ba sai ranar.

Naman dai an cinye shi, tunda an riga an soya. Muka kama hanyar gida rana tsaka, tana gaba ina binta. Mun wuce shagon Nabor kafin wani abu ya faɗo mini.

"Linda, amma kofin farko. Da idona na ga kin shanye."

"Wannan na sha."

"Ba ki sani ba a lokacin?"

"Tun daga ƙofa na ji warinsa."

"To me ya sa?"

Ta tsaya ta juyo. "Da ka ga fuskarka ranar, da ba ka tambaya ba. Shekara talatin da ɗaya kana kawo mini labari. Ranar ce ka fara kawo mini abu a hannu."

Na buɗe baki. Akwai jawabi a ciki, kullum akwai, amma ya ƙi fitowa. Ta jira ni kaɗan, ta ga da gaske babu, sai ta ci gaba da tafiya.

"Litinin mota ƙarfe shida take tashi," ta ce ba ta waiwayo ba. "Ka gaya wa ƙugunka tun yau."